Farin Allo a Shafin Intanet: Me Ke Cinye Memori a Hostin Haɗaka?

Daga Jega zuwa Aliero, har Maiyama da garuruwanta irin su Karaye, mallakar shafin intanet ya daina zama sha'anin manyan kamfanoni kaɗai. Makarantar kuɗi tana son inda iyaye za su duba sakamakon 'ya'yansu. Ƙungiyar ci gaban gari tana son inda za ta riƙa sanya sanarwa. Dillalin albasa na Aliero yana son mai saye daga Legas ko Fatakwal ya ga kayansa ba sai ya yi tattaki ba. Masu gina waɗannan shafuka kuwa galibi matasa ne, wasu sun koyo a makaranta irin jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi da aka kafa a Aliero a 2006, wasu kuma da waya da YouTube suka koya wa kansu.

Shafi zai yi wata da watanni yana aiki lafiya, sai a wayi gari ya ƙi buɗewa. Ko dai allo ya fito fari fat babu ko harafi, ko a ga jimla ɗaya ta Turanci tana cewa an sami babbar matsala a shafin. Nan take sai zargi ya rabu uku: wani ya ce sabis ne, wani ya ce kutse aka yi, mai shafi kuma ya kira wanda ya gina masa yana cewa, "Malam, aikin da ka yi mana bai da inganci." Sau da yawa babu ko ɗaya daga cikin ukun. Abin da ya faru shi ne memorin da aka yanka wa shafin ya ƙare a tsakiyar aiki.

Ma'anar kalmomin

Sabar ita ce kwamfutar da ke kunne dare da rana a wata cibiyar bayanai, inda fayilolin shafi suke zaune. Hostin shi ne hayar wuri a kan sabar. Idan aka ce hostin haɗaka, ana nufin sabar ɗaya ce aka rarraba wa masu haya da yawa, wani lokaci ɗaruruwa, kowa da asusunsa. Shi ne mafi araha, shi ya sa kusan duk ƙaramin shafi da shi yake farawa.

WordPress manhaja ce ta gina shafi da Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, kuma a yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke. An rubuta ta da yaren kwamfuta mai suna PHP. Fulogin kuwa ƙaramar manhaja ce da ake ɗora wa WordPress don ta ƙara masa wani aiki: Elementor na tsara fasalin shafi, WooCommerce na mayar da shi shago, akwai na Paystack da Flutterwave na karɓar kuɗi, akwai na fom, na tsaro, na ajiyar kwafi. Na kyauta kaɗai a rumbun WordPress sun haura 50,000.

Saura memori, kuma a nan ruɗanin ya fi yawa. Sabar tana da wurin ajiya, wato faifan da hotuna da rubuce-rubuce ke kwance a kai, tana kuma da memori, wanda masana ke kira RAM, inda take baza abin da take aiki a kansa a daidai wannan lokaci. Manomi zai iya mallakar katafaren rumbu, amma in masussukarsa ƙarama ce, dami kaɗan zai iya bugawa a lokaci guda. Tallan da ke cewa an ba ka wuri marar iyaka, rumbu yake nufi. Ba kasafai yake magana a kan masussuka ba.

Iyaka uku ce, ba ɗaya ba

Mutane na cewa "iyakar memori" kamar abu ɗaya ne, alhali uku ne a jere, kuma kowacce da irin alamar da take nunawa.

Ta farko ita ce ta PHP. Duk lokacin da wani ya buɗe shafi, sabar tana tayar da aiki guda na PHP ya haɗa masa shafin, kuma wannan aiki yana da adadin da ba zai wuce ba. Adadin da PHP ke zuwa da shi shi ne megabait 128, sai dai kamfanin hostin yana iya ragewa ko ƙarawa. In aikin ya nemi fiye da haka, PHP yana tsayar da shi nan take, ya rubuta saƙon da ya fara da "Allowed memory size of 134217728 bytes exhausted". Doguwar lambar nan megabait 128 ce aka rubuta da bait. Wanda ya ga 268435456 kuma, tasa iyakar 256 ce. Abin lura shi ne iyakar ta buƙata ɗaya ce, wato buɗewa ɗaya ta mutum ɗaya, ba ta shafin gaba ɗaya ba.

Ta biyu ta WordPress ce. Yana da nasa saiti mai suna WP_MEMORY_LIMIT, wanda ke farawa da megabait 40, da wani na sashen gudanarwa mai megabait 256. Mutane da yawa suna ganin 40 ɗin a rahoton shafinsu sai hankalinsu ya tashi, su ɗauka an takura su. A gaskiya WordPress ba ya rage abin da PHP ya bayar. In ya tarar iyakar PHP ba ta kai 40 ba, yana ƙoƙarin ɗaga ta. In ta riga ta wuce, yana barin ta yadda take. Haka kuma in kamfani ya kulle saitin, duk lambar da aka rubuta a wp-config.php, wato fayil ɗin saitukan WordPress, ba za ta yi tasiri ba. Wannan ne dalilin da ya sa wani zai rubuta 512, ya koma ya ga matsalar na nan daram.

Ta uku ita ce wadda aka fi mantawa, kuma ita ce ainihin katangar. Kamfanonin hostin haɗaka da yawa suna amfani da wani tsari mai suna CloudLinux wanda ke killace kowane asusu da rabonsa, don kada mai haya ɗaya ya janye ƙarfin sabar ya durƙusar da sauran. Saitin da tsarin ke zuwa da shi shi ne gigabait 1 na memori ga asusu da ayyukan shigowa 20 a lokaci guda, ko da yake kowane kamfani yana gyara nasa gwargwadon farashin fakiti. Wanda ya cika adadin ayyukan zai ga lamba 508 da saƙon cewa an kai iyaka. Wanda ya cika memorin asusu kuma yakan ga 500 ko 503.

A yi lissafi da misali. Shafin makaranta ne, kowace buɗewa tana cin megabait 120, asusun yana da 1,024. Iyaye takwas za su iya duba sakamako a lokaci guda. Na tara ne zai fara ganin matsala. Ko an ɗaga iyakar PHP zuwa 512, wannan lissafin bai canja ba, domin ba a ƙara wa asusun komai ba. Abin da aka yi kawai shi ne an ba aiki guda izinin cinye rabin rabon kowa. Kuma in mai ginin ya tara shafukan abokan hulɗarsa biyar a asusu ɗaya don rage kuɗi, dukansu daga wannan gigabait ɗaya suke sha.

Yadda fulogin ke ci

WordPress shi kaɗai ba shi da ci sosai. Nauyin yana zuwa ne daga yadda yake aiki: a kowace buɗewa yana tayar da duk fulogin da ke kunne, ko shafin da aka buɗe yana buƙatarsa ko ba ya buƙata. Mai karanta sanarwar hutun makaranta bai zo sayen komai ba, amma in an kunna WooCommerce, sai ya tashi tare da shi. Fulogin da aka rubuta da kyau yana ɗauko kaɗan ya bar sauran sai an nema. Wanda aka cika wa ayyuka barkatai kuwa, yakan ɗauko kaya mai yawa tun daga ƙofa.

Saboda haka yawan fulogin ba shi ne ma'auni ba. Ƙanana ashirin za su iya fin manya uku sauƙi. Waɗanda suka fi nauyi sanannu ne: masu tsara shafi ta hanyar ja da ajewa tare da ƙare-ƙarensu, manhajojin shago, na gudanar da makaranta, na fassara shafi zuwa harsuna, na binciken tsaro, da na ajiyar kwafi. Masu su ma ba su ɓoye ba. Elementor ya rubuta cewa yana buƙatar megabait 256, ya kuma ba da shawarar 512. WooCommerce yana neman 256 ko fiye. Duk wanda ya haɗa su biyun a fakiti mai 128, tun ranar farko ya shirya wa kansa matsala, ko da ba ta bayyana ba sai bayan watanni.

Jigon ado, wato shiryayyen fasalin shafi, da ake saye da shirin "danna sau ɗaya ka sami cikakken shafi" ma yana da hannu. Yakan zo da fulogin shida ko goma a matsayin wajibi, mai gini ya amince da su duka, ya yi amfani da biyu, sauran su zauna a kunne. Ko an cire wasu daga baya, suna iya barin saitukansu a rumbun bayanai cikin jerin abubuwan da WordPress ke ɗauka kai tsaye a kowace buɗewa. Matsalar ta yi yawan da tun daga siga ta 6.6 a 2024, sashen duba lafiyar shafi yana gargaɗi idan waɗannan saituka suka yi nauyi.

Akwai kuma ayyukan da suke zuwa lokaci-lokaci amma su ci da yawa: shigar da sakamakon ɗalibai ɗari takwas daga fayil ɗaya, fitar da rahoton ciniki na shekara, ko dunƙule shafin duka don ajiyar kwafi. WordPress yana jingina ayyukansa na jadawali da zuwan baƙi, don haka aikin ajiyar kwafi yana iya tashi a daidai lokacin da jama'a suka fi yawa a shafin.

Batun hoton waya

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin a wannan yanki waya ce kyamara kuma ita ce ofis. Shugaban makaranta zai ɗauki hoton bikin yaye ɗalibai, ko ɗan kasuwa ya ɗauki buhunan albasa a jere, ya duba ya ga hoton megabait 4 ne kacal, ya ɗora. Sai shafin ya tsaya, ko ya ce ya kasa sarrafa hoton. Mutum ya yi mamaki: ina 4, ina 128?

Megabait 4 ɗin girman hoton ne a matse. Kafin WordPress ya yanka ƙananan kwafi daga cikinsa, dole ya warware shi gaba ɗaya a memori, kuma a warware kowane ɗigo na hoton yana cin kusan bait 4. Hoto mai faɗin ɗigo 4,000 da tsawon 3,000 yana da ɗigo miliyan 12, wato kusan megabait 48 kafin a fara yanka. In an saita wayar a kan megafiksel 50, wato ɗigo miliyan 50, lissafin ya doshi megabait 200. A ƙara wannan a kan abin da fulogin suka riga suka riƙe. Tun daga siga ta 5.3 a 2019 WordPress yana rage duk hoton da ya wuce ɗigo 2,560, amma ragewar ma sai ya buɗe babban tukuna. Kuma jigogi da fulogin da dama suna ƙara nasu girman kwafi, ta yadda hoto ɗaya zai haifi goma ko fiye. Rage hoto a waya kafin a ɗora shi ba ya cin ko sisi, kuma yana kawar da kaso mai tsoka na wannan ciwon kai.

Laifin wa?

Masu gina shafi sukan ɗora wa kamfanonin hostin. Suna cewa ana tallata araha da kalmar "marar iyaka", a ɓoye adadin memori a can cikin ƙa'idoji, sannan in matsala ta zo amsar ita ce a sayi babban fakiti. Akwai gaskiya a ciki. Adadin memorin asusu da iyakar PHP sun fi muhimmanci ga ƙaramin shafi fiye da faɗin wurin ajiya, kuma ya dace a rubuta su ɓaro-ɓaro kusa da farashi.

Kamfanonin su ma suna da hujja. In babu iyaka, shafi ɗaya da ya rikice zai kayar da ɗaruruwan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ga kuma tsada: lasisin cPanel, manhajar da ake sarrafa asusu da ita, da dala ake biya, kuma tun 2019 ya koma ana lissafa shi bisa yawan asusu. Bayan sakin naira a watan Yunin 2023, dalar da ake samu a ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Kamfanin da ke karɓar naira yana biyan dala, ba zai iya rabon memori kyauta ba.

Masu rubuta fulogin kuma suna cewa kasuwa ce ke neman ƙarin ayyuka, kuma sun bayyana buƙatunsu tun farko. Sai dai yawancinsu suna gwaji ne a kan sabar mai wadata, ba a kan fakitin da ƙaramar makaranta a Maiyama za ta iya biya ba.

Idan aka auna, kaso mafi girma na mafita yana hannun mai gini da mai shafi, ko da laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Su ne suka zaɓi abin da za a ɗora. Mai shafi yakan ga wani shafi mai hotuna masu yawo da akwatin hira da kiɗa, ya ce shi ma irinsa yake so, amma a kuɗin fakiti mafi ƙanƙanta. Mai gini kuma, don kada aiki ya kuɓuce masa, sai ya amsa. Abin da ya fi muni shi ne amfani da fulogin na kuɗi da aka fasa ake rabawa kyauta a dandalin sada zumunta. Ba sa samun sabuntawa, kuma wasunsu na ɗauke da ɓoyayyen shiri mai aika saƙonnin banza ko buɗe ƙofa ga masu kutse, wanda shi kansa yana cin memori. A nan ne zargin kutse yakan zama gaskiya.

Wani kuskure da ke sa a hukunta marar laifi: saƙon ƙarewar memori yana ambaton sunan fayil ɗin da aikin ya tsaya a kansa. Wannan fayil shi ne na ƙarshe da ya nemi memori aka ce babu, ba lallai shi ne ya cinye ba. Ana iya goge fulogin mai sauƙi a bar mai nauyin yana nan.

Abin da hakan ke jawowa

Shafi ya fi faɗuwa a ranar da aka fi buƙatarsa, domin ranar ce jama'a ke taruwa a kansa: ranar fitar sakamako, makon sayar da fom, ko sa'ar da labari ya bazu a WhatsApp. Uban da ya sayi data don ya duba sakamakon ɗansa, ya gwada sau uku bai samu ba, gobe makarantar zai tafi da ƙafarsa, kuma ba zai sake yarda da shafin ba. A shago kuma, in aikin ya yanke bayan mai saye ya biya amma kafin a rubuta odarsa, sai a shiga jayayya a kan kuɗi tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba.

Shafin da ke wahalar da sabar, yawanci yana wahalar da wayar mai karatu ma, saboda fulogin masu nauyi suna tura ƙarin fayiloli zuwa gare shi. Wanda ke Karaye da sabis mai zuwa yana ɗaukewa shi ne zai fi ji a jikinsa. Sannan ga asarar kuɗi: wasu na tsallakawa zuwa sabar keɓaɓɓiya, wadda ake kira VPS, suna zaton ta gama magana. Ta fi tsada, kuma in ba mai kula aka biya ba, sabuntawa da tsaro duk sun dawo wuyan mai shafi.

Kafin a kashe kuɗi

Matakin farko shi ne a san wace iyaka aka taɓa. Tun daga siga ta 5.2 a watan Mayun 2019, WordPress yana da sashen duba lafiyar shafi wanda ke nuna iyakar PHP ta gaskiya, kuma idan fulogin ya kayar da shafi yana aika imel ga mai gudanarwa da mahaɗin shiga yanayin ceto. Imel ɗin yana zuwa ne adireshin da aka rubuta lokacin gini, wanda sau da yawa na mai ginin ne, shi kuwa ƙila ya tafi hidimar ƙasa ko ya canja aiki. Ya kamata adireshin da bayanan shiga cPanel su kasance a hannun makarantar ko ƙungiyar kanta. A cikin cPanel kuma, a inda ake amfani da CloudLinux, akwai sashen da ke nuna lokutan da asusun ya cika iyakarsa da kuma wace iyaka ce.

In ta PHP ce kuma tana 128, ɗaga ta zuwa 256 abu ne mai ma'ana ga shafin da ke da shago ko Elementor, kuma ba ya cutarwa, tun da iyakar ba ta kama memori ta ajiye, tana hana wucewa ne kawai. Ana yin hakan daga saitin PHP a cPanel, ko a roƙi kamfanin. Amma in shafin sanarwa ne mai shafuka goma kuma 256 ba ta ishe shi ba, to akwai abin da ya lalace, ƙara lamba ɓoye shi kawai zai yi.

Daga nan sai a nemo mai cin. A ɗauki kwafin ajiya, a kashe fulogin duka, a riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya ana duba adadin memorin da kowace buɗewa ke ci. Fulogin mai suna Query Monitor yana nuna wannan adadi kyauta. In ba a iya shiga sashen gudanarwa ba, canja sunan foldar da fulogin suke ciki daga cPanel yana kashe su. Wanda ba a amfani da shi a goge shi. A tabbatar PHP ba tsohuwar siga ba ce: tun daga PHP 7 a ƙarshen 2015 aka rage cin memori sosai, kuma 7.4 ta daina samun gyaran tsaro tun Nuwamban 2022. A mayar da ajiyar kwafi tsakar dare. Sakamakon ɗalibai kuma a shigar da shi aji-aji maimakon makaranta duka a fayil ɗaya.

Fulogin masu adana shafi a shirye, irin su LiteSpeed Cache da WP Super Cache, suna taimakawa ƙwarai ga shafin labarai ko sanarwa, domin suna miƙa wa baƙo kwafin da aka riga aka haɗa. Amma ba sa aiki a inda kowa ke ganin abin da ya shafe shi shi kaɗai, kamar kwandon sayayya, wurin biyan kuɗi da shafin sakamako. Makarantar da ke sa ran iyaye ɗaruruwa a rana ɗaya tana da zaɓi biyu: ta saki sakamakon aji-aji a sa'o'i daban-daban, ko ta biya fakitin da ya fi girma. In ta zaɓi na biyu, ta tambayi kamfanin abu uku a rubuce kafin ta biya: nawa ne memorin asusun, nawa ce iyakar PHP kuma ana iya canja ta, sannan ayyuka nawa ake bari a lokaci guda.